Sarewar Kakan Hammadu

Malam Tajuddeen ya fi shekara arba'in yana gyaran rediyo a wani ɗan shago da ke jikin gidansu a Koki. A da, in ba ka yi sammako ba, ba za ka samu wurin zama a bencinsa ba, don mutane har daga ƙauyuka suke zuwa da rediyoyinsu a naɗe cikin tsumma. Yanzu kuwa sai ya yi mako bai ga rediyo ko ɗaya ba. Abin da ake kawo masa bai wuce fitilar caji da fanka da dutsen guga ba. Bai rufe shagon ba dai, domin in ya rufe bai san inda zai sa kansa tsakanin hantsi da azahar ba.

Wata ranar Talata cikin damina, lungun ya jiƙe sharkaf, yana zaune yana kwance wata fanka, sai ya ji sallama. Wata mata ce da ba za ta haura shekara talatin ba, da mijinta a bayanta, kowannensu ya rungumo kaya a lulluɓe da zane. Mijin ya ajiye nasa a kan benci, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce sunansa Nazeer, zai wuce wajen aiki, ya tafi. Matar ta zauna a gefen bencin.

"Baba, ba ka gane ni ba."

Ya sauke gilashinsa ya dube ta da kyau. Goshin ne ya fara gaya masa, sannan yadda take karkatar da kai in tana jiran amsa.

"Ke ta gidan Hammadu ce, na Zaitawa."

"Ni ce Mardiya, autarsa."

"Allahu akbar. Allah ya jiƙan Hammadu. Rabona da ke tun kina rarrafe."

Suka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ruwan makon jiya ne ya ɓarke rufin tsohon ɗakin mahaifinta, da aka zo fitar da kaya sai aka ga waɗannan a saman kabad, a bayan wasu tsofaffin akwatuna. Ta yaye zanen.

Malam Tajuddeen ya matso kusa. Ya miƙa hannu ya shafa gefen katakon, ƙura ta maƙale masa a yatsu. Na farkon kamar ƙaramin fiyano yake, amma da allo a tsaye a bayansa, cike da maɓallan murɗawa da ramukan sa waya. Na biyun baƙin akwati ne mai faɗi, ba shi da abin dannawa ko ɗaya sai maɓallai sahu biyu, sha biyu a sama, sha biyu a ƙasa, kowane da 'yar fitila ja a kansa.

"Na san wannan mai kama da fiyano sintisaiza ce, na'urar haɗa sauti," in ji Mardiya. "Aikin sauti nake yi, Baba, a wani situdiyo, ina haɗa wa 'yan fim da masu talla. Amma ni duk a kwamfuta nake yi. Wannan ɗayan na bincika, an ce sikwensa ce, ita ke ba wa waccan umarni. Na samo wayoyi na haɗa su, fitilun suka kama, amma sai ta riƙa kuka kamar an taka kyanwa, ba ta tsayawa. Goggo Indo ce ta ce in daina wahalar da kaina, in kawo wa Taju na Koki, shi ne ya san bakinsu."

"Yaya Indo tana nan?"

"Tana nan, sai dai kunne ɗaya ya tafi."

Ya yi murmushi. Ya ce ta bar masa su, ta dawo bayan mako guda.

Da ta tafi bai koma kan fankar ba. Ya zauna yana kallon na'urorin nan har aka kira azahar.

Shi da Hammadu tun firamare suke tare, benci ɗaya. Hammadu Bafillace ne, amma a birni aka haife shi, Fillancin ma guntu-guntu yake ji. Kakansa Ja'e shi ne makiyayin ƙarshe a gidansu. Da tsufa ya kama shi, ɗansa ya ɗauko shi daga ruga ya kawo shi Zaitawa, ya zo da sandarsa da malfarsa da wata sarewa ta kara. Bayan la'asar yakan zauna a tsakar gida ya busa wani take guda ɗaya, kullum shi, ba ya canzawa. Hammadu yana ɗan shekara tara tsohon ya rasu. Sarewar ta tsage a wani rani, aka jefar, amma taken ya zauna wa yaron a kai.

Da suka girma, Tajuddeen ya kama gyaran rediyo, Hammadu ya samu aiki a gidan rediyo, a ɓangaren wasan kwaikwayo. Shi ke yin ƙarar ƙofa da tsawa da takun doki, da kwalba da faranti da ɓawon kwakwa. A nan ya saba da wani Bature malamin makaranta da ke zuwa ana naɗar shirin koyar da Turanci. Da Baturen zai koma ƙasarsu, a shekarar tamanin da biyu, ya ga na'urorin sun yi masa nauyi, ya bar wa Hammadu. Ranar da Hammadu ya kawo su shagon nan a bayan kekensa, bai ko yi sallama ba. Cewa ya yi, "Taju, tashi ka ga aljanu."

Abin da Hammadu yake so ɗaya ne, ya ji taken kakansa ya fito daga cikin na'urar. Ya iya murɗa maɓallan har muryar ta yi laushi, ta yi iska-iska kamar ta sarewa. Amma duk yadda ya danna fiyanon, taken ba ya zama daidai. Ya danna farin madanni ya ce ya yi ƙasa, ya danna baƙin da ke kusa da shi ya ce ya yi sama. Muryar da yake nema tana tsakaninsu, a wurin da ba a yi mata madanni ba. Ya yi wata biyu yana wannan fama, har ya fara cewa kunnensa ne ya lalace.

Tajuddeen ne ya gano bakin zaren, shi da bai san kiɗa ba. Ya sa mitarsa ta auna wuta a bayan baƙin akwatin, ya ga ashe ba sauti yake fitarwa ba, wuta ce kawai. In ka murɗa maɓalli, allurar mita ta hau, in ka mayar, ta sauka. Ita kuma sintisaizar, gwargwadon ƙarfin wutar da ta shiga mata, gwargwadon tsayin muryarta. Maɓalli kuwa ba shi da fari ba shi da baƙi, duk inda ka tsayar da shi nan zai tsaya. Da ya yi wa Hammadu wannan bayani, Hammadu ya kama kafaɗunsa ya girgiza shi har hularsa ta faɗi cikin kwanon dalma.

Washegarin zuwan Mardiya ya kwance na'urorin. A cikin sintisaizar ya tarar da gidan zanzaro har biyu, da busassun kyankyasai. Kafasitoci huɗu, 'yan tulunan nan masu tara wuta, sun kumbura, ɗaya ta tsiyaye ta ci jikin allon. Ya bi su a hankali da buroshi da ɗan fetur. Wasu kayan ya samu a cikin gawarwakin rediyoyin da ya tara a ƙarƙashin tebur, wasu sai da ya hau adaidaita ya je Sabon Gari, inda masu shagon suka riƙa juya kafasitar a hannu suna tambayarsa daga wane zamani ta fito. Idonsa ba kamar da ba, sai ya haɗa gilashi da madubin ƙara girma. Abin da ya fi damunsa shi ne hannun dama. In ya ɗauki ƙarfen narka dalma, minti biyu na farko lafiya, daga nan sai bakin ƙarfen ya fara rawa.

Mardiya ba ta jira mako ya cika ba. Ranar Asabar ta zo da kwanon dambu, ta ce Goggo Indo ce ta aiko. Ta tarar sintisaizar tana magana, in an danna fiyanon tana amsawa da murya mai kauri.

"To saura haɗin," ta ce. "Baba, ni fa abin da ban gane ba ke nan. Me na yi ba daidai ba?"

Ya ɗauko wayoyi biyu, ja da baƙa, ya ɗaga mata.

"Tsakaninsu magana biyu ce kawai. Wannan ja, ita ke faɗin wace murya za a yi. Wuta kaɗan, murya ƙasa. Wuta da yawa, murya sama. Wannan kin haɗa ta daidai. Baƙar kuma ita ke faɗin yaushe za a yi, yaushe za a yi shiru. A nan rigimar take. Ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba. Shi akwatin, in zai ce yi magana, ɗaga wuta yake yi. Ita kuma, sai an sauke wutar ƙasa take jin an ce ta yi magana. Kin ga in ya ce yi, ita ta ji bari. In ya ce bari, ta ji yi."

Mardiya ta yi dariya. "Shi ya sa ko na tsayar da shi take ta ihu."

"Shi ya sa. Mu ma sai da ta yi mana kwana uku tana wannan ihun. Maƙwabcinmu mai ɗinki ya zo ya ce in ba mu kashe ta ba zai kai ƙararmu wajen mai unguwa."

"To ya kuka yi?"

"Tafinta na ƙera musu. Taransista ɗaya, da 'yan tarkace biyu uku, a cikin gwangwanin alawa. Ba ki gan shi a cikin kayan ba?"

Ta ce ta duba ko'ina, babu gwangwani. Ya ce ba komai, abin yana kansa. Ya zana mata a bayan wata takarda, ya zaɓo kayan, ya samo wani akwatin roba na sabulu ya huda shi. Amma da ya zo liƙa ƙafar taransistar, hannun ya ƙi. Sau biyu dalmar tana ɗiga a inda bai nufa ba. Ya ajiye ƙarfen, ya shafa gemu, ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu.

"Baba, ko in gwada? Ina liƙa wayoyin makirfo a wajen aiki."

Ya matsa mata. Ya nuna mata ta fara ɗumama ƙafar kafin ta kawo dalmar, kada ta hura, ta bar ta ta sha iska da kanta. Liƙin farko ya yi tudu, ya sa ta sake. Na biyu ya kwanta sumul yana ƙyalli. Bai yabe ta ba, cewa kawai ya yi, "Na gaba."

Suka haɗa wayoyin, ya danna maɓallin tashi. Jar fitila ta fara tafiya daga hagu zuwa dama, ɗaya bayan ɗaya, kowane taku da muryarsa, in ta kai na sha biyu ta dawo farko. Babu ihu. Sai dai abin da ke fitowa ba take ba ne, hayaniya ce kawai, wannan murya can sama, waccan can ƙasa.

Fuskar Mardiya ta canza. "Na ɗauka yadda ya bar maɓallan haka za su zauna. Na ɗauka in an haɗa zan ji abin da ya ji."

"Shekara nawa? Ku da kanku kun murɗa su kuna yara, na tabbata. Ga ɗauka, ga saukewa." Ya rage muryar. "Kin taɓa jin taken?"

"Ban taɓa ba. Goggo ce take ba mu labari. Shi Baba ko sau ɗaya bai taɓa zancen ba. Ni da na san shi, ma'aikacin ofis ne mai yawan shiru. Da na fara aikin sauti ma bai hana ni ba, bai kuma ce komai ba. Sai ranar nan da na ga kayan nan na ce, ashe."

Malam Tajuddeen ya sunkuyar da kai. Ya san lokacin da shirun ya fara. An daina shirin wasan kwaikwayon, aka mayar da Hammadu ofishin ajiye takardu, iyali suka ƙaru, dattawan gidansu kuma dama ba su taɓa son a ce ɗansu makaɗi ne ba. Ba wanda ya yi faɗa da wani. Zuwa shago ya koma sau ɗaya a wata, ya koma gaisuwar salla, ya koma ɗaga hannu in an haɗu a jana'iza. Da ya ji Hammadu ba shi da lafiya, shekara shida da suka wuce, ya ce zai je ranar Juma'a. Juma'ar ta zo aka kawo masa aiki, ya ce ta gaba. Ranar Laraba aka aiko masa da rasuwar. Tsakanin Koki da Zaitawa ba tafiyar da za ta gajiyar da mutum ba ce, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

"Ni ba zan iya rera miki shi ba," ya ce. "In na ji zan gane, amma ba ni da kunnen da zan saita. Wancan karon ma ba ni na saita ba, ba kuma babanki ba. Yaya Indo ce."

Ranar Litinin bayan la'asar Nazeer ya zo da mota ya ɗauke shi da kayan zuwa gidan Hammadu a Zaitawa, suka ajiye motar a bakin titi suka ƙarasa da ƙafa. Malam Tajuddeen ya tsaya a zauren gidan ya ɗan daɗe. An yi wa bangon siminti, an sa ƙofar ƙarfe, amma dakalin da suke ɗora na'urorin yana nan.

Goggo Indo, yayar Hammadu, tana zaune a kan tabarma a rumfar tsakar gida, 'yar tsohuwa siririya, fara, da carbi a hannu. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan.

"Taju, ashe kana raye."

"Ina raye, Yaya."

"Ka tsufa."

"Ke ma ai ba ki ragu ba."

"Me ka ce?"

Mardiya ta ce masa ya koma ɓangaren hagunta. Ya koma, suka gaisa sosai, ya yi mata ta'aziyyar da ya san ya yi a tsaitsaye shekara shida baya. Ta ce, "Ya yi ta cigiyarka, ka sani." Ya ce ya sani. Ba ta ƙara ba, shi ma bai kawo uzuri ba.

Aka ɗora na'urorin a kan wani ɗan tebur, aka sa sifika kusa da kunnenta mai ji. Malam Tajuddeen ya ce a bar su su yi ɗumi tukuna, don in da sanyi a jikinsu muryar takan zame. Kafin nan Goggo Indo ta ba Mardiya labarin yadda aka yi wancan karon. Ta zo wankan gida ne, haihuwarta ta uku, su kuma sun ishe ta da ƙara a zaure. Ta fito da niyyar ta kore su, sai ta ji abin da suke nema. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ba haka Kaka yake yi ba." Daga nan ba ta koma ciki ba sai da jaririyar ta yi kuka.

Malam Tajuddeen ya tsayar da fitilar a kan maɓallin farko, murya ɗaya ta miƙe. Ya ce wa Mardiya ita za ta murɗa, shi zai riƙe mita.

Goggo Indo ta rufe ido, ta ɗan rera a maƙogwaro, siririyar murya mai karkarwa. Mardiya ta murɗa a hankali.

"Sama. Sama. Kin wuce. Dawo. Kaɗan. Tsaya nan."

Malam Tajuddeen ya karanta allurar, bolt ɗaya da ɗigo biyu, Mardiya ta rubuta. Aka matsa na biyu. Wannan bai ba da wahala ba. Na uku ne ya ci kusan minti goma, domin da an taɓa maɓallin sai muryar ta yi tsalle ta wuce. Ya tuna wancan karon ma haka ta yi musu. Ya zaro wani ɗan tarkace daga aljihu ya sa a kan jar wayar don ya rage ƙarfin wutar, yadda murɗawa mai yawa za ta ba da motsi kaɗan. Daga nan aiki ya yi sauƙi. Mardiya, wadda ta saba ganin kowace murya da sunanta a fuskar kwamfuta, ta duba wayarta ta ce wannan ta ukun ba ta da suna, tana tsakanin biyu.

"Ita ce ta hana babanki barci wata biyu," in ji shi.

Matan gidan suka fara leƙowa, wata da ludayi a hannu. A kan na tara aka samu saɓani. Goggo Indo ta ce a tsaya, Malam Tajuddeen ya ce a'a, ya fi haka sama, yana tuna allurar tana wuce biyu da rabi.

"Kai da ka ce ba ka da kunne?"

"Ba ni da kunne, amma ina da ido. Na ga allurar."

"To Hammadu ne ya ɗaga shi bayan na koma ciki. Dama ya cika son ƙawa. Kaka bai taɓa kai shi can ba."

Mardiya ta dubi wannan, ta dubi wancan. Sannan ta rubuta lamba biyu a gaban na tara, ta bar maɓallin a inda Goggo ta ce.

Da aka gama sahun sama aka koma na ƙasa, wanda ke faɗin tsawon kowace murya. Nan Goggo Indo ta riƙa buga tafin hannu a cinya, tana cewa wannan a ja shi, wannan a taɓa a wuce. Rana ta yi ƙasa sosai lokacin da Malam Tajuddeen ya ce to, ya danna maɓallin tashi.

Taken ya fito. Ya fara ƙasa, ya hau a hankali kamar mai hawa tudu, ya ɗan tsaya, ya gangaro, ya sake komawa farko. Malam Tajuddeen ya ajiye mitar. Ya ga zauren nan kamar yanzu, Hammadu a tsugune da singileti, yana cizon leɓe, yana ɗaga masa yatsa kada ya yi magana. Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Mardiya ta kunna abin naɗar sautinta, ta zauna a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa.

Goggo Indo ta saurara har ya zagayo sau biyar ko shida. Sannan ta ce, "Mardiya, kira min Ilu."

Ilu ɗan ƙanin Kaka Ja'e ne, sa'an Goggo Indo, wanda reshen gidansu bai taɓa barin kiwo ba. Yana can a wata ruga bayan Sumaila. Da ƙyar aka same shi, muryarsa tana yankewa, ana jin kukan maraƙi a bayansa. Goggo Indo ta yi masa magana da Fillanci, ta ce ya saurara, Mardiya ta kara wayar a jikin sifika.

Aka yi shiru a can ɓangaren, har suka ɗauka layin ya katse. Sai suka ji dariya.

"Wannan ai na Baffa Ja'e ne! Wa yake busawa?"

"Na'ura ce," in ji Goggo Indo.

"To ina sauran?"

"Wane saura?"

"Wannan ai kiran ne kawai. Akwai amsar. In ya yi wannan, shanu suka ɗago kai, sai ya juya ya yi ɗayan, su taso su biyo shi. Ku a birni ba shanun da za su taso, shi ya sa bai yi muku ba."

Goggo Indo ta dubi Malam Tajuddeen, shi ma ya dube ta. Shekara arba'in suna ɗauka abin da suka kama shi ne duka. Ilu ya fara yi musu feɗuwa ta waya, amma layin ya riƙa cinye rabin muryar. A ƙarshe ya ce su bari, ranar Juma'a zai shigo birni, dama yana da jikar da zai duba a asibiti.

Ya zo kuwa, dogon tsoho baƙi da rawani, da sarewarsa a cikin aljihun 'yar shara. Bayan an sauko daga masallaci aka sake zama a rumfar. Ya zagaya teburin yana leƙa bayan na'urorin, ya bi jar wayar da yatsa daga wannan akwati zuwa wancan, ya tambayi Malam Tajuddeen ta ina iskar take shiga. Malam Tajuddeen ya ce babu iska, wuta ce. Ilu ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa abin da ba zai yarda da shi ba amma ba ya son musu.

Ya busa amsar. Ta fi kiran sauri, tana da wani ɗan lanƙwasa a tsakiya da ya sa Goggo Indo ta dafe ƙirji. Tun da an rubuta lambobin kiran, Mardiya ta murɗe maɓallan ba tare da fargaba ba, aka fara sabon saiti. Wannan karon ba a sha wahala ba, Ilu yana riƙe murya ɗaya da sarewa, ita tana bi har su haɗu su zama ɗaya. Murya goma sha ɗaya ce, maɓalli ɗaya ya yi saura, ta maimaita ta ƙarshen a kansa.

Da aka kunna, Ilu ya saurara ya karkata kai.

"Daidai ne. Amma wannan abin naku ba ya numfashi? Ya ƙare ya koma, ya ƙare ya koma. Ko saniya sai ta gaji da shi. Mai busa yana tsayawa ya ja iska, a nan ne dabba take ɗago kai ta ga inda yake."

Malam Tajuddeen ya yi tunani kaɗan. Ya karɓi ƙaramar sukundireba daga hannun Mardiya, ya buɗe bayan baƙin akwatin, ya cire waya ɗaya daga taku na sha biyu, yadda fitilar za ta tsaya a kansa amma ba za a ce wa sintisaizar ta yi magana ba. Ya ja tsawon takun har kusan ƙarshe. Aka sake kunnawa. Taken ya tafi, ya kai ƙarshe, aka yi shiru na ɗan lokaci, jar fitilar tana ci ita kaɗai, sannan ya dawo.

"Ƙara kaɗan," in ji Ilu. "Tsoho ne, numfashinsa ba ya cika da wuri."

Mardiya ta ƙara. Ilu ya ɗaga sarewarsa ya jira shirun ya wuce, sannan ya shiga tare da na'urar.